Saje Maiwada da Giwar Surukinsa

Allon darar Turawan nan, wadda yaran yanzu ke ce wa ces, na marigayi maigidana ne, Malam Tanimu. A wurin aikin jirgin ƙasa ya koyo wasan, ya zo da allon gida, ni kuma na koya da ido ina gefe ina aikina. Da ya rasu, ko sadakar bakwai ba a yi ba abokansa suka fara zagaye-zagaye, wannan ya ce katako mai kyau, wancan ya ce kada gara ta ci. Na ce musu ba na sayarwa, ba na kuma kyauta. Aro dai zan bayar, kullum bayan la'asar, a rumfar da ke gefen teburin gorona a bakin tasha nan Funtuwa, inda idona ke kai. Kafin magariba kuma a mayar mini da abina gida.

Wanda aka ci a ƙarshe shi ke mayarwa, ya maƙale a hammata ya wuce abinsa, ba wanda zai kula. Wannan ita ce doka ta farko. Ta biyun Saje Maiwada ne ya kafa ta, kuma saboda ita nake ba da wannan labari.

Saje tsohon soja ne. Ya daɗe da ajiye kaki, amma har yau in ya ce maka ina kwana sai ka ji kamar ka ƙame. Babban abokin karawarsa shi ne Alhaji Cindo mai hatsi, mutum mai sanyi kamar randa. In Cindo ya riƙe fari, abu ɗaya yake yi tun da na san shi: ya tura ɗan da ke gaban sarauniya, ya gyara zama, ya shiga gina katanga a hankali yana taunar goro, har sai abokin wasa ya gaji ya kawo kansa. Ba abin da ke ƙona wa Saje rai kamar wannan. Shi ya sa wata rana ya buga ƙasa ya ce daga yau, duk wanda aka kashe wa sarki alhali manyansa na layin baya, sarauniya da giwaye da dawakai da soraye, ko ɗaya bai motsa ba, to ba a hammata zai kai allo ba. Hula zai cire, ya ɗora allon a ka kamar mai talla, ya bi ta tsakiyar layi har ƙofar gidana. Cindo yake hari da dokar. Cindo ya ce ya yarda, ya ci gaba da taunar goronsa, kuma dokar ba ta taɓa kama shi ba.

Shi Saje baƙi yake ɗauka kullum, ko an ba shi fari ba ya so. Cewa yake, wai wa ya ce don fari ya fara tafiya sai baƙi ya zauna jiran duka? Da zarar ka tura ɗan gaban sarauniya, sai ya kama ƙaramin da ke gaban giwarsa ta gefen sarki, ya buga shi gida biyu gaba, har sauran 'ya'yan su yi tsalle. Kurata yake ce wa ƙananan nan takwas. "Kurtu ya fita, yaƙi ya tashi!" Haka zai ce kowace rana, kamar yau ya ƙirƙiro.

Gaskiya tafiyar ba ta da laifi. Wurin Tanimu ya gan ta, kuma Tanimu ya sha kwantar da mutane da ita. Sai dai shi Tanimu in ya tura kurtun nan, doki yake fitarwa ya tsaya a bayansa, ya fitar da giwa, ya kai sarki lungu ya rufe, sannan ya saki sauran su yi ta zuba a kan mutum. Don wannan kurtun shi ne ƙyauren ɗakin sarki, in ka ɗage shi dole ka sa mai gadi. Saje ya ɗauki harin ya bar gadin. Na faɗa masa ba sau ɗaya ba. Ya ce, "Hajiya Kulu, ke dai ki ji da goronki." Na ce to.

Yanzu ga inda surukin ya shigo.

Autar Saje, Luba, tana auren wani malamin makaranta a Bakori, Malam Hamisu, mai koyar da lissafi. Ta zo gida wankan jego da ɗanta na fari. Aka yi arba'in, aka wuce arba'in, yaro ya fara zama, har ya fara neman rarrafe, Saje ya ƙi sakin su. Duk Asabar Hamisu zai hau babur ya zo, ya durƙusa, ya gaida Baba, ya yi shiru irin shirun da kowa ya san ma'anarsa. Saje kuma bai taɓa rasa dalili ba. Yau yaro na mura. Mako mai zuwa hanya ta lalace. Na gaba kuma wai ya yi mafarki bai ji daɗinsa ba. Gaskiyar magana jikan ne ya shiga ransa, da safe shi ke ɗaukarsa yana yi masa fareti a tsakar gida. Matar Saje, Hajiya Yalwa, ta gaji da magana. Shi kuwa Hamisu duk ya rame, tuwon saye ya ishe shi.

Ranar da abin ya faru, Hamisu ya je gida aka ce masa Baba na rumfa. Ya zo ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna a bakin tabarma.

"Baba, barka da yamma."

"Yauwa, Malam. Ya hanya?"

"Lafiya lau, Baba. Hanyar ma an gyara ta."

Cindo ya yi tari. Saje ya yi kamar bai ji ba, ya ci gaba da magana da surukinsa.

"An ce mini a kwalejinku kun yi wannan wasan."

"Kaɗan-kaɗan, Baba. Na ma manta."

"Zo ka zauna."

Hamisu ya dube ni, ya dubi Cindo, ya dubi ƙasa. Ina aka taɓa ganin mutum ya zauna gaba da gaba da uban matarsa suna wasa? Ya ce, "Baba, ai ni a bar ni in yi kallo daga nan."

"Ni a bariki na girma, ban san wannan noƙe-noƙen ba. Zauna na ce. Ka ɗauki fari. Kuma ka buɗe kunnenka: in na ga ka sakar mini wasa da gangan, ka raina ni ke nan. Wanda ya raina ni kuwa ba ya fita da 'yata."

To ka ji. In ya ci Baba, ya kunyata shi a gaban abokansa, Luba sai wata shekara. In ya faɗi a fili, ya raina Baba, Luba sai wata shekara. Abin da ya rage masa shi ne ya faɗi, amma faɗuwar da za ta yi kama da ta gaske. Na aje wuƙar goro na juyo da kujerata.

Ya zauna a ɗofane, rabin jikinsa a wajen tabarma, kansa a sunkuye. Ku riƙe wannan: tun da aka fara bai ɗaga ido ya dubi ɓangaren Saje ba, don in ya ɗaga sai sun haɗa ido. Gabansa kawai yake kallo. Ya nemi tafiyar da ta fi kowace ladabi, ya tura ɗan gaban sarauniya.

"Kai ma?" in ji Saje. "Wai duk ƙasar nan ba mai zuciya ne? Daga mai hatsi sai mai alli, duk tafiyarku ɗaya!" Ya kama kurtunsa ya buga. "Kurtu ya fita, yaƙi ya tashi!"

Hamisu ya ɗauko giwarsa ya kai ta can kusa da layin Saje ya ajiye. Nan take na gane nufinsa. Tsaraba ce ya kawo. So yake Baba ya yi farautarta, ya kama ta da guminsa, ya ji daɗi, a tashi lafiya.

Saje ya ga giwa a ƙofar gidansa, idonsa ya yi ja. Ya tura kurtun can gefe ya zungure ta.

"Fita mini daga gida!"

Giwa ta ja baya taki ɗaya.

Ya ɗage kurtu na biyu daga gaban dokinsa ya bi ta.

"Ina za ki? Tsaya mana!"

Giwa ta sake ja baya.

Cindo ya ce, "Saje, ba za ka fito da doki ya sha iska ba?"

"Doki na me? Kurata sun ishe ta. Kai dai ka zuba ido ka koyi yaƙi."

Ya kama kurtun nan na farko ya ƙara tura shi gaba, ya tokare giwa. Ta duba gaba ba hanya, ta duba baya ba hanya. Saje ya tafa hannu, ya juyo yana kallon mutanen da suka fara taruwa, masu shaguna da 'yan acaɓa biyu da suka kashe babura.

"Kun gani? An kewaye ta! Malam, ka yi mata addu'a."

Hamisu ya sauke numfashi, har na ga kafaɗunsa sun saki. Aiki ya yi kyau, giwa za ta mutu mutuwar mutunci. Amma dole ya taɓa wani abu kafin Baba ya ci, sai ya laluba kusa da hannunsa, ya tura ɗan da ke gaban sarkinsa gida ɗaya, don dai a ce ya yi tafiya. Bai duba abin da ya buɗe ba.

Ni na duba. Cindo ma ya duba, ya daina tauna.

Saje ya cafke giwa, ya ɗaga ta sama yana juyawa kowa ya gani, ya jefa ta aljihun gaba.

"Wannan ta zama nama. Saura uwar ɗakinta. Yi tafiya, Malam, kada jikinka ya mutu."

A nan ne Hamisu ya ɗan ɗaga kai, karo na farko, don ya nuna wa Baba fuskar wanda aka cuta. Idonsa ya faɗa kan allon gaba ɗaya. Wallahi na ga lokacin da gumi ya tsattsafo masa a goshi. Kuratan da ke tsare gefen sarkin Saje duk sun tafi farauta. Hanya ta buɗe wa sarauniyar Hamisu fetal har bakin allo, daga can kuma ba komai tsakaninta da sarkin Baba sai iska. Tafiya ɗaya ce. Manyan Saje kuwa suna jere a layin baya yadda aka dasa su, ko ɗaya bai motsa ba.

Ya yi maza ya sunkuyar da kai, ya miƙa hannu can wani gefe zai taɓa wani ɗa daban.

"Uhm-uhm," in ji Cindo.

Saje ya juyo. "Mene ne?"

"Ba komai. Hularka nake kallo. Sabuwa ce?"

"Ina ruwanka da hulata?"

"Ai gani na yi ba ta saba da hannu ba."

Saje ya dubi Cindo, ya dubi mutane ya ga kowa ya kama baki, sannan ya mayar da ido kan allo. Ya daɗe yana kallo. Gashin bakinsa ya motsa sau biyu.

"Malam."

"Na'am, Baba."

"Ka ga abin da na gani?"

"Baba, idona ba ya gani sosai da yamma."

"Mai koyar da lissafi?"

Hamisu ya juyo wurina kamar wanda ruwa ya ci. "Inna, kamar magariba ta kawo jiki. Ko a tashi haka, a ƙarasa wata rana?"

Na ce, "Rana na nan a sama, ɗana. Kuma a kan allon Tanimu ba a taɓa tashi an bar wasa a tsakiya ba. Ba yau za a fara ba."

Na san ban kyauta masa ba. Amma da an tashi, Saje zai kwana ya tashi da sanin cewa surukinsa ya yi masa sadaka a bainar jama'a, kuma wannan ba zai yafe ba har kabari.

Saje ya gyara zama ya miƙe ƙirji. "Tura ta. Umarni ne."

Bawan Allah ya tashi daga zaune ya durƙusa sosai, ya kama sarauniya da hannu biyu kamar zai miƙa wa babba ruwa, ya kai ta bakin allo ya ajiye a hankali.

"Baba, a gafarce ni. Sarki."

Saje ya shiga neman mafita. Ya taɓa doki, ya ga ba zai kai ba. Ya dubi soro, kurtunsa ya tare masa hanya. Sarki ya nemi inda zai matsa, duk mutanensa sun cika ɗakin, ƙofa ɗaya ce kuma sarauniya na kallonta. Ƙarshe ya sa yatsa a kan kurtu ɗaya yana ɗan jan shi baya a hankali.

Cindo ya ce, "A'a, Saje. Kurtu ba ya ja da baya. A bakinka muka ji."

Rumfa ta fashe da dariya. Ɗaya daga cikin 'yan acaɓan har da riƙe ciki.

Shi kuma Saje, da ya rasa wanda zai kama, sai ya koma kan wanda ya bi umarninsa.

"Kai yanzu ko kunya ba ka ji ba? Uban matarka! Ka shigo mini har ɗakin sarki da takalminka?"

Hamisu na durƙushe, kai a ƙasa, ya ce, "Baba, tun da aka fara baya nake ja. Ku kuka buɗe ƙofar da hannunku, kuka ce in shigo. Na ga in na tsaya a waje kuma ya zama rashin ladabi."

Cindo ya ƙware da goro, sai da aka bubbuga masa baya.

Abu ɗaya zan faɗa a kan Saje, ba ya karya dokarsa. Hamisu ya roƙe shi ya bari shi ya ɗauka, har ya kai hannu, Saje ya daka masa tsawa. Ya ciro giwa daga aljihu ya jefa cikin jakar 'ya'yan wasan, ya tattara sauran, ya cire hula ya miƙa wa surukin ba tare da ya dube shi ba. Sanƙo ya bayyana, wanda rabin mutanen tasha ba su taɓa sanin akwai shi ba. Ya ɗora allo a ka, ya ɗora jakar a sama, ya fita tsakiyar layi yana taku irin na fareti. Hamisu na biye da hula a tafin hannu biyu. Ni na rufe goro na bi bayansu, Cindo na gefena yana gaida mutanen da bai taɓa gaisarwa ba don su fito su gani.

Mai nama ya ɗaga murya ya ce, "Saje, nawa-nawa ne?" Saje bai waiwaya ba.

Matsalar ita ce, ba yadda za ka je gidana daga tasha ba ka bi ta ƙofar gidan Saje ba. Muna isowa kuwa sai ga Hajiya Yalwa a bakin zaure ta rako baƙuwa, jikan na saɓe a kafaɗarta. Ta ga mijinta ba hula, da katako a ka, surukinta na biye kamar mai rakiyar gawa. Ta sallami baƙuwar tukuna, sannan ta dawo da ido.

"Saje, lafiya? Fanshon ne bai fito ba aka koma talla?"

Saje ya ja ya tsaya, allo na kansa. "Tambayi wannan yaron da kike yabo kullum. Ki ji da kyau, ke da shi: Auta ba inda za ta. Ba yau ba, ba wata mai zuwa ba."



Yalwa ta dube ni. "Yaya Kulu, me aka yi?"

Na ce, "Ba wani abu. Giwa ɗaya ya gani, ya kwashe masu gadin ƙofa kaf ya tura su bin ta. Ya kamo giwar kam. Kafin ya juyo an shiga an kashe sarki a kan gado."

"Wannan hari ne, ba ku san yaƙi ba!" in ji Saje. "Kuma ba shi ake magana ba. Jikana a nan zai zauna, a gidan soja, inda idona ke kansa dare da rana!"

Yalwa ta gyara wa yaro zama a kafaɗa, ta leƙa cikin zaure ta ɗaga murya.

"Auta! Ɗaure kayanki, mijinki na jira. Mutumin da aka ba shi gadin sarkin katako ya kasa, shi zan bar wa mai rai?"